Inna, Wa Ya Karantar da Rukayya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna Modibbo. Gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Bayan haka, magana ce nake tafe da ita a kan jikarki Rukayya, kuma ta hana ni sukuni.

Tun da kika rasu matan unguwarmu a nan Gwandu suka rasa mai karantar da su. Buzunki yana rataye inda kika bar shi. Ni dai kin sha faɗa mini cewa kaina na tuwo da miya ne, kuma ban taɓa musa miki ba.

To, kawun Rukayya ya aiko mata da waya daga kudu. Tun daga nan yarinya ta shiga wani hali. Tana tankaɗe, abu a kunne. Tana wanke-wanke, leɓɓa na motsi. Na ɗauka saurayi ne, har na fizge wayar na kara a kunnena, sai na ji wani mutum da Hausar Kano yana bayanin tsarki. Wallahi da saurayin ne da hankalina ya fi kwanciya, don shi ana iya aikawa a binciko gidansu.

Na tambaye ta sunan malamin. Ta ce malaman da yawa ne, wani ke turo muryoyinsu cikin wani zaure na waya, ita kuma ta zaɓi darasin da take so, ta maimaita har ya zauna. Na ce a wane gari suke, in kai goro a sa mata albarka. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban ga abin dariya ba. Mutumin da ba ka ga fuskarsa ba, ba ka san ko yana sallah ba, shi ne zai gyara maka taka?

Na tuna ranar da wata baƙuwa ta zo tsakar gidanmu da baki kamar ruwa, tana son ki ba ta wuri ta karantar. Kika bar ta ta gama, kika ce, "Karatun da ba a san inda anka ɗauko shi ba, ba a shimfiɗa mai buzu."

Yanzu ga matan sun taso ni gaba. Sun ji Rukayya na amsa wa ƙawayenta tambayoyin jini da wanka, sun ce a sauko mata da buzunki ta zauna. Abin da ke tsorata ni ke nan, Inna. In ta faɗi kuskure a kan buzun nan, da sunanki za su kai shi ɗakunansu, su koya wa 'ya'yansu, su ce haka gidan Modibbo ya ce.

Sai na ɗauke ta muka tafi Dalijan wurin Goggo Habi, ɗalibarki da ta rage da rai. Idonta ya tafi, amma kunnen yana nan. Rukayya ta yi ta karantawa tana fassarawa, ni ina gefe ina jiran tuntuɓe. Ban ji ko ɗaya ba. Goggo ta jinjina kai ta ce, "Karatu ya yi, babu gyara. Amma ni ba ni cewa na san mai shi."

Na dawo da zargina yadda na tafi da shi, sai dai babu inda zan ɗora shi. Na hana buzun. Na ce wa Rukayya ta shimfiɗa tabarma. Ta kalle ni ta ce, "Ashe ni ba jikarta ba ce?" Maganar ta soke ni, amma ban sauko ba.

Jiya Alhamis ta zauna. Mata suka cika gidan har bakin rijiya. Ina ɗaki, na kasa kunne, ina leƙe ta gefen labule.

Da ta zo rufewa, sai ta bi yadda kike yi, ta ɗaga hannu za ta ambaci malamanta. Ke a nan kike jero naki, wance daga wance, har ki kai ga kakanni, muna amsawa. Rukayya ta buɗe baki ta tsaya. Gida ya yi tsit. Ina jin numfashinta daga ɗaki. Can sai ta ce, "Allah ya saka wa waɗanda sunka karantar da ni, shi ya san su, ni ban san su ba."

Mata suka ce amin. Ni kuka ya ƙwace mini, Innata. Tausayinta ya kama ni, yarinya da karatu cike da kai amma babu ko mutum ɗaya da za ta kira nata. Har yanzu ban yarda da mutanen cikin wayar nan ba, amma amin ɗin ta fita daga bakina kafin in riƙe ta.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki. In karatun yarinyar nan gaskiya ne, Allah ya kai miki ladansa. In akwai ɓata a ciki, Allah ya tona shi tun ina da rai.

Taki har kullum,
Balkisu