Usur a Hannuna a Sharja

Assalamu alaikum Uppa, babana,

Yaya Umma da ciwon gwiwarta? Ni lafiya lau, kumburin idona ma ya fara sacewa.

Ranar Juma'a abokan aiki suka ba ni usur in yi musu alƙalancin ƙwallo, wai ɗan alƙalin wasan garinmu Malappuram ba ya kuskure. Na soke ƙwallon 'yan ɗakinmu, na ce satar gida, alhali daga jifa aka ci. Kyaftin ɗinsu Firoz ya ce, "Babanka ne ya koya maka haka?" Wallahi naushin da ya biyo baya bai kai maganar zafi ba.

Ashe ihu a cikin 'yan kallo ya fi sauƙi. Don Allah ka rubuto mini dokokin, amma kada abokanka na teburin mai shayi su ji.

Allah ya ƙara girma.
Ɗanka, Jamshir