Kujerar Gaba ta Sarwono

Yaya Darmaji,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Sulastri da yara. Ya ciwon gwiwar?

Ningsih ɗiyata da abokanta sun shirya wasan kwaikwayo a zauren unguwa, kan yadda aka zauna zamanin mulkin soja. Labarin Baba ne suka ɗauko: baƙo ya kwana gidanmu, Baba bai sanar da mai unguwa Sarwono ba, shi kuma ya kai ƙararsa, aka tafi da Baba, shi ke nan. Na san za ka ce mu bar abin da ya wuce. Ni dai ban bari ba. Tsohon nan Sarwono yana nan da ransa, har ƙiba ya yi, kuma ina so in ga idonsa ranar. 'Yan wasan huɗu daga Malang suke, a gidana suka sauka, sun kusa cinye mini shinkafa.

Ƙanwarka,
Sumirah

Yaya Darmaji,

Bayan gaisuwa, Allah ya sa wannan ta same ka lafiya. Mu kam sai addu'a.

An yi wasan. Da yake Sarwono ne dattijon unguwa, kujerar gaba aka ba shi, kuma ni na miƙa masa shayi da hannu biyu. Wallahi dariya ya yi ta yi. Da aka tashi ya dafa yaron da ya fito a matsayinsa, ya ce, "Ka iya, ɗana, amma ni ban taɓa yi wa kowa tsawa ba. Cikin ladabi nake aikina." Mutane suka taya shi dariya.

Washegari sai ga jikansa, wanda ke riƙe da unguwar yanzu, wai me ya sa na kwanar da baƙi ban sanar ba. Ashe dokar tana nan daram, mu ne muka manta. Baƙin sun tsere. Ningsih 'yan sanda suka tafi da ita, wai tambayoyi kawai, har yau ba su bar ni na gan ta ba.

Ka nemo mana lauya a Surabaya. Ni gobe zan je in durƙusa wa Sarwono, don maganarsa kaɗai jikan ke ji. Na ma sayo irin garin kofin da yake so.

Taka,
Sumirah