Saura Yadi Ɗaya

Wannan takarda ta fito daga hannun mahaifinka a Guangzhou ta ƙasar Sin, zuwa gare ka a Amurka. Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida maiɗakinka da yara. Ina fata sanyin can bai matsa muku ba.

Bayan haka, na ajiye ta a nan intanet inda kowa zai gani ne domin na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka, saƙon da na tura kuma ban ga alamar an buɗe shi ba. Waɗanda suka san mu za su gane da wa nake. Waɗanda ba su san mu ba su yi haƙuri da surutun tsoho.

Ka tuna yadda muka koma bayan rasuwar Hajiya mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta. Da tana raye, ita ce mai kai saƙo tsakaninmu. In ce mata ta tambayi yaron nan ko ya sami aikin, ta tambaye ka, ta dawo mini da amsa har da ƙari. Da ta tafi, sai wayarmu ta zama ina kwana, lafiya lau, yaya aiki, sannan shiru, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa.

Wata safiyar Litinin na kira na ji ihu a bayanka. Ka ce ƙwallon Amurka kake kallo, a wurinku Lahadi ce da yamma. Na ce wane irin wasa ne wannan da ƙartai ke sa hular kwano suna karo kamar raguna. Ka yi dariya, ka ce ana ba ƙungiya dama huɗu ta ci yadi goma da ƙwallo a hannu, in ta kasa ƙwallo ta koma wa abokan karawa. Na ce yadi? Ashe wasan 'yan kasuwar atamfa ne. Ni da na tsufa ina auna yadi, daga Kwari ta Kano har kasuwar Liwan ta nan garin, ai ba za a bar ni a baya ba. Ranar mun daɗe a waya irin daɗewar da ba mu taɓa yi ba.

Daga nan na ɗauki ƙungiyarka ta zama tawa. In na yi sallar asuba sai in dafa shayi, in jingine waya da gwangwanin madara, in kalla. Ana tashi za ka kira, mu yi ta musu har shayin ya huce. Ban taɓa gaya maka ba, amma sauran kwanakin mako jiran Litinin nake yi.

To, ga wasan da ya raba mu. Har yanzu ina nan kan bakana: kocinmu ne ya kayar da mu. Sun fi mu da maki uku, lokaci ya kusa ƙarewa, mun matso kusa da gidansu, saura yadi ɗaya mu cike goma, kuma dama ta huɗu ce. Mai bugun ƙafarmu yana gefe ya gama motsa jiki. Da an bar shi ya buga ta tsakanin sandunan gidansu, da mun sami maki uku an yi kunnen doki, a tafi ƙarin lokaci. Sai mutumin nan ya ce a tura da ƙarfi. Aka tura, aka taru aka danne yaron da ke riƙe da ƙwallon, aka jawo sarƙar awo aka auna, bai kai ba.

Kai kuwa ka ce koci ya yi daidai, alƙalin wasa ne ya cuce mu. Ka ce yaron ya miƙa ƙwallon ta wuce kafin gwiwarsa ta taɓa ƙasa, alƙali ya zo ya ajiye ta baya. Ka ce kafin nan ma an ja rigar mai cafe mana ƙwallo a gaban idonsa, ya ƙi jefa ƙyallen nan rawaya mai nuna an yi laifi. Na sake kallon wuraren har idona ya yi ruwa. Maganar riga, gaskiyarka ce, an ja. Maganar gwiwa kuwa ba wanda ya gani, domin mutane sun tule a kansa kamar dilolin kaya. Amma mai hanyar da ba sai an auna ba, me ya kai shi wurin awo?

Ina cikin wannan faɗan ne a waya, ina kiran sunan kocin ina maimaitawa, sai ka katse ni. Sannan ka ce: Baba, ka san sunan koci, ka san na mai bugun ƙafa, har na alƙali ka riƙe, ni kuwa tunda aka haife ni ban taɓa jin nawa a bakinka ba. Na ce ba wannan maganar muke yi ba. Ka ce haka ne, sai da safe. Ka kashe. A nan hantsi ya riga ya yi.

A Kano ka tashi, ka san abin. Kai ɗan fari ne, kuma sunan Malam mahaifina aka sa maka. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Ni ma ɗan fari ne, Malam bai taɓa kiran sunana ba. Ranar da zan tafi makarantar kwana ya biyo mu tasha, ya tsaya can wajen mai goro kamar wani abin ne ya kawo shi. Sai da mota ta ɗaga na waiga, na gan shi ya fito tsakiyar hanya yana bin ta da ido. Ban taɓa shakkar matsayina a wurinsa ba. Na zaci kai ma haka kake karanta ni. Amma ka daɗe cikin mutanen da ke faɗar komai da baki. Na ga yadda kake kiran babbar 'yarka da sunanta, ka ɗaga ta sama a gabana, ban kuwa ce maka ka daina ba.

Litinin ɗin da ta biyo na kalli wasa ni kaɗai. Aka tashi, waya ba ta yi ƙara ba. Na lallaɓa zuwa gidan abincin da ke bayan titin Huanshi Lu, na tarar da Alhaji Isufu, mutumin Maradi da ke sayen kayan lantarki. Na fara yi masa bayanin dama ta huɗu. Ya saurare ni don ladabi, ya ce Baba, in kokawa ce ku zo Nijar ku gani, ba ma sa hular kwano. Yaran da ke wurin suka yi dariya, kowa ya koma kan wayarsa. Waɗanda muka zo garin nan tare, wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Masu zuwa yanzu ba sa bukatar tsoho ya raka su kasuwa.

Akwai abin da ban gaya maka ba, domin ba na so ya shiga cikin hirar ƙwallo. Ƙafafuna sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Benen da nake hawa a tsaye, yanzu sai na zauna a tsakiya na huta. Likita ya duba ni, ya ce zuciyar ta gaji, in koma wurin mutanena. Na yi masa godiya. Kakar wasa ta kusa ƙarewa, wata ba za ta fara ba sai bayan damina, kuma ba na lissafa kaina a cikin masu kallonta.

Jiya na tafi titin Liuhua Lu, manyan shagunan nan na kusa da tashar jirgin ƙasa, inda ake buga suna a bayan rigar 'yan wasa. Na zaɓi ta ƙungiyarmu, daidai jikinka kamar yadda na ƙiyasta daga hoto. Na ce a raina, abin da baki ya kasa, riga ta faɗa. Matar shagon ta kunna na'ura, ta ɗago kai ta ce, laoban, wato maigida, wane suna? Na buɗe baki. Wallahi fuskar Malam na gani. Ta miƙo mini biro, na riƙe shi ban rubuta ko harafi ba. Mutane suka taru a bayana da kayansu, ta sake tambaya, na ce meyo, wato babu suna, ta bar ta haka. Ga ta nan a rataye a bayan ƙofa, lamba kawai, samanta fili.

Saboda haka ba zan yi maka alkawarin da ba zan cika ba. Harshen nan ya tsufa a haka. In ka kira, kai ɗin nan zan ce maka, kamar kullum. In abin da kake jira ke nan kafin ka ɗauki waya, ina jin ba za mu sake magana ba, kuma ban ga laifinka ba.

Abu ɗaya nake so ka sani. Akwai wurin da nake faɗarsa. In na sa goshina a ƙasa, a gaban wanda ba a ɓoye masa komai, ina kiran sunanka cikakke, tun ranar da aka raɗa maka shi har asubar yau. Kai ne kawai ba ka wurin.

Allah ya yi maka albarka, ya raya maka zuriya, ya sa 'ya'yanka su ji daga bakinka abin da kai ba ka ji ba. Allah ya jiƙan Hajiya da Malam. In tawa ta zo a ƙasar nan, Allah ya sa a sami masu yi mini salla.

Ranar Litinin akwai wasa. Zan dafa shayi.

Wassalam.
Mahaifinka.