Shuɗi ko Kore

Imabari, 7 ga Afrilu

Zuwa ga Yaya Fumie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da jikoki. Ya sanyin Sendai, ya fara raguwa kuwa? Mu nan furannin sakura har sun soma zubewa. Ya gwiwar taki? Ki daina hawa bene da kaya, na san halinki.

Yaya, wata damuwa ce ta taso mini. Daga ɗaya ga watan gobe za a soke motar safe da nake shiga zuwa tsibirin Oshima. Ta gaba sai tara saura take isa, ni kuwa ƙarfe takwas nake yi wa Baba Yano allurar ciwon suga kafin in buɗe ɗakin shan magani. Shekararsa tamanin da bakwai, shi kaɗai ne a gida, hannunsa rawa yake yi. An ce in ba zan iya isa da wuri ba a mayar da ni asibitin cikin gari, shi kuma a kai shi gidan tsofaffi. Kin san ban iya tuƙi ba. Saura keke: kilomita goma sha uku zuwa, har da hawan gadar Kurushima. Keken cefanena mai giya uku ba zai iya ba.

Da na gaya wa maigidana Noboru, ban zaci zai ce komai ba. Tun da 'yarmu Koharu ta tafi jami'a gidan ya yi shiru. Ya dawo daga masaƙar tawul, ya ci abinci, ya goge keken tserensa, ran Lahadi ya fice da abokansa. Ba faɗa muke yi ba, maganar ce kawai ta ƙare. Amma sai ga shi ya ajiye tsinken cin abinci ya ce, "Gobe mu je wurin Inna Yaeko."

Kina tuna ta? Mai shagon keke a bayan tashar jirgi. Shekararta saba'in da shida yanzu, har yau da sifana a aljihun gaba. Ta sa na tsaya, ta auna ƙafata da igiya, ta tambayi abin da nake ɗauka, sannan ta fito da kekuna biyu irin ruwa-biyun nan, waɗanda ba na tsere ba ne, ba kuma na cefane ba. Ɗaya shuɗi ne, mai siririyar taya, da hannu ɗaya na ɗaga shi. Ɗayan kore ne, tayarsa ta fi faɗi, yana da kariyar ɗora kaya, da marfin taya mai tare taɓo, da fitilar da ke kama kanta. Ya fi nauyi sosai.

Noboru ya shafa shuɗin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In kin ɗauki wannan, ran Lahadi sai mu riƙa fita tare."

Rabon da ya ce mu yi wani abu tare har na manta. Nan take na ce shuɗin nake so.

Inna Yaeko ta dube shi ta saman tabarau. "Noboru, ita za ta hau ko kai?" Ta juyo gare ni. "Yau ba na sayarwa, 'yata. Waɗannan na gwaji ne. Ki hau shuɗin mako guda a kan ainihin hanyarki, da ainihin kayanki, sannan ki hau koren. Bayan nan ki zo mu yi magana."

Ban taɓa ganin mai shago ta kori ciniki da bakinta ba. Ga shuɗin nan a ƙofar gida, sai leƙa shi nake yi.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Chizuru

Imabari, 16 ga Afrilu

Yayata,

Na samu wasiƙarki da man shafawar, na gode ƙwarai. Cinyoyina sun fi ni godiya. Ina fatan murar maigidan ta sake shi.

Shuɗin nan, Yaya, ban san yadda zan kwatanta miki shi ba. Ka taka feda sau ɗaya ya tafi da kai. Ranar farko na tura shi rabin hawan da ke zagayawa zuwa kan gada, amma da na kai sama na hau, sai ga teku a ƙarƙashina, jiragen ruwa ƙanana kamar takalma, ruwan yana murɗawa. Shekara tara ina wucewa ta nan a mota ina gyangyaɗi. Na isa gidan Baba Yano takwas saura kwata.

Sai dai ba shi da wurin ɗora kaya. Na'urar awon jini, kayan aiki, abincin rana, duk a jakar baya. Kafin in isa rigata ta jiƙe sharkaf. Ran Alhamis aka yi ruwa, tayar baya ta zana mini layin taɓo tun daga ƙugu har ƙeya. Baba Yano ya sa na juya, ya yi dariya har da tari. "Malama, yau ta gonar wa kika biyo?" Ya ba ni tawul da rigar marigayiya matarsa. A dawowa iska ta taso a tsakiyar gada, keken ya riƙa karkata da ni zuwa shinge, dole na sauka na tura.

Ran Lahadi muka fita da Noboru. Ya bar abokansa domina, har ya gyara mini igiyar hular kwano da hannunsa. Amma Yaya, ko da shuɗin ban kamo shi ba. Ba da gangan yake yi ba. Sai ya rage gudu, mu jera na ɗan lokaci, can ƙafarsa ta manta, in hango bayansa yana ƙanƙancewa. A kan kowane tudu in tarar da shi tsaye yana jira. "Sannu, Maman Koharu. Kina ƙoƙari." Kafin numfashina ya dawo ya hau. Awa huɗu muka yi, kalmomin da muka yi ba su fi ashirin ba. Da muka dawo na shiga wanka na daɗe.

Duk da haka shuɗin nake so. Ina ganin in na dage wata shida zan iya. Kada ki yi mini faɗa.

Taki,
Chizuru

Imabari, 25 ga Afrilu

Yaya Fumie,

Gaisuwa da fatan alheri. Faɗan naki ya iso, na karanta sau biyu, na kuma san don kina sona ne.

Ran Litinin na fito da koren shida da rabi, sai na ga mutum a ƙofar gida bisa wani tsohon keke mai launin toka. Inna Yaeko ce, da hular kwano da safar hannu. "Ban taɓa ganin hawanki ba," in ji ta. "Ta yaya zan sayar miki da abu? Wuce gaba."

Ba mu yi nisa ba ta tsayar da ni, ta ɗaga sirdin da faɗin yatsa biyu. Ta ce ina hawa kamar mai tsoron ƙasa za ta gudu. A gindin gada ta matso kusa da ni tana faɗa mini, "Sauke giya tun yanzu, kada ki jira sai ya yi nauyi. Ƙara saukewa. Ba kunya ba ce, don haka aka yi ta. Juya ƙafa kawai." Yaya, na hau har sama ban sauka ba, a kan keken da ya fi nauyi. Ita kuwa ta wuce ni a lanƙwasa ta biyu tana gyara tabarau, ko haki ba ta yi.

A tsakiyar gada muka tsaya shan ruwa. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina gaya mata komai, har zancen Lahadi. Ta saurara tana kallon ruwa. Can ta ce, "Ko na ba ki keken da ya fi kowanne rashin nauyi a shagona, ba za ki kamo shi ba. Shekara goma sha biyar yana hawa, ni na haɗa masa nasa. In yana so ku jera, aikinsa ne, ba naki ba. Ke kina da tsoho mai jiran allura, ga damina tana tafe." Ta rufe gorarta. "Amma ke za ki hau. In kin ce shuɗi, shi zan ba ki, in daidaita miki shi da kyau."

Ta raka ni har ƙofar Baba Yano, ashe sun san juna tun da daɗewa. Ya ce, "Yaeko, har yanzu ba ki mutu ba?" Ta ce, "Ina jira in ga taka tukuna, kada a yi maka rowar furanni ran jana'iza." Ta sha shayi ta juya ita kaɗai don ta buɗe shago ƙarfe tara. Na tsaya ina kallonta har ta ɓace. Ina ma in kai shekarunta da rabin ƙarfin zuciyarta.

Koren ba ya burge kowa, amma bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Jakunkuna biyu a kariya, bayana a sake. An yi ruwa ran Laraba na isa a bushe daga gwiwa zuwa sama. Ran Juma'a hazon teku ya rufe gada, fitilarsa ta kama da kanta, iska ta buga ko gezau bai yi ba. Tun ranar na san amsar.

Jiya da cin abinci na ce, "Baban Koharu, koren zan ɗauka. Ka yi haƙuri." Ya ce, "To." Ya ci gaba da shan miyarsa. Ba a ƙara maganar ba. Yau Lahadi ya fita tun da sassafe shi kaɗai.

Na san na zaɓi daidai, Yaya. Amma zuciyata ba daɗi. Ji nake kamar ya miƙo mini hannu na ƙi karɓa.

Ƙanwarki,
Chizuru

Imabari, 19 ga Mayu

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidan da yara. Ki yafe mini shirun da na yi, ina ta jira in tabbata abin da zan rubuta miki ba na kwana biyu ba ne.

Ran talatin ga watan jiya na je karɓar sabon korena. Ina shiga na ɗaga kai, sai na ga keken tseren Noboru rataye a bango da takardar sayarwa. Ko cikin dubu zan gane shi, shekara nawa ina kewaye shi da tsintsiya. Na zaci wani abu ya same shi.

Inna Yaeko tana ɗaure mini ƙararrawa, ba ta ko ɗago ba. "Sau uku ya zo," in ji ta. "Na farko ya tsaya ya kalli bango ya tafi. Na biyu ya ce, 'Inna, wane keke ne ba zai bar ni in wuce ta ba?' Na ce babu shi, ƙafarka ce matsalar. Amma muddin kana kife a kan wancan, kwalta kawai za ka gani. Hau wanda zai zaunar da kai a miƙe. Na uku ya kawo wannan." Ta nuna kusurwa da sifana. Shuɗin ne, sabo, an sa masa kariya da wani ƙaton kwando a gaba, irin na masu zuwa kasuwa. "Na ce masa abokansa za su yi masa dariya. Ya ce ai sun riga sun fara."

Na ce ba zan yarda ba, keken nan ransa ne. Ta ce, "'Yata, na ce masa ya je ya yi tunani mako guda, kamar yadda na yi miki. Ya yi. Kada ki raina masa zaɓinsa."

A gida cewa kawai ya yi wai wuyansa ne ya fara ciwo a kan na tseren.

Lahadi uku ke nan muna fita. Kwandon cike da shinkafar da na dunƙula da tulun shayi, ga shi zaune a miƙe kamar mai kai wasiƙu. Ashe mijina yana da magana, Yaya. A bakin ruwan Oshima ya gaya mini ranar da ya kai Koharu jami'a a Okayama, a dawowa sai da ya tsaya a gefen hanya kusan awa guda, ya kasa tuƙi. Ya ce ya ga kamar ni na jure, shi ya sa ya ji kunyar faɗa. Ni kuma na zaci shi ne bai damu ba. Shekara biyu muna gida ɗaya kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa abu guda.

Baba Yano yana nan a gidansa, ban makara ko sau ɗaya ba.

Abu na ƙarshe. Kin san masaƙar su Noboru tana kudu ne, gada kuwa tana arewa. To yanzu kullum shida da rabi sai in tarar ya fito da shuɗin, mu jera har gindin gada, sannan ya juya ya koma ya ratsa gari zuwa aiki. Na ce masa wannan ai ninkin hanya ne. Ya ce ta nan ta fi iska mai daɗi. Jiya da na kai lanƙwasa ta uku na leƙa ƙasa. Yana nan tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya ɗaga kai yana nemana. Na kaɗa ƙararrawa, ya kaɗa tasa, sannan ya juya.

Ki kula da gwiwarki. In kin zo da kaka, ɗakin Koharu yana jiranki.

Ƙanwarki mai ƙaunarki kullum,
Chizuru