Tafiyar da Likita Ya Rubuta Mini

Yaya Zuwairatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna? Ya mutanen Ruma?

Ni lafiya lau, sai dai ciwon sugan nan. Likita a nan Fatakwal ya ce ya ƙi sauka, har kitsen jini mai kyau, mai tsare zuciya, ya ragu ƙwarai. Wai magani kaɗai bai isa ba, sai da tafiyar ƙasa kullum. Ina zan je, Yaya? Gadi nake yi, in na bar bakin ƙofa an sallame ni.

Don Allah, hanyar gida ta yi sauƙi in dawo? Kada Inna ta ji wannan. Ni da na girma ina bin shanu, yau tafiya ta gagare ni.

Ƙaninki,
Manu