Ƙwayoyin Yaya Kaltuma

Litinin, 6 ga Nuwamba 2023
Yaya Kaltuma ta dawo daga asibiti da ordinas, takardar sayen magani. Wai ciwon damuwa. Wata takwas ba labarin ɗanta Ibrahim tun da ya ƙetare Libiya, sai an yi karatun lakwal shekara bakwai kafin a gane tana da damuwa? Maganin sunansa fluoxétine, ƙwaya ɗaya kullum da safe. Na ɓare su duka na zuba mata a leda, kwalin da takardar cikinsa na jefa a murhu. Dangin mijinta su ga kwalin nan, gobe duk unguwar Birni ta ji Kaltuma ta haukace.

Alhamis, 16 ga Nuwamba
Ranar kasuwar Dole, ban zauna ba. Shekara goma sha huɗu ina sayar da magani a tebur, ba wanda ya taɓa maido mini da gawa. 'Yan farmasi suna kiranmu masu kashe mutane. Su da fanka, mu da rana, bambancin ke nan.

Talata, 28 ga Nuwamba
Har yanzu tana ɗaki, labule a sake. Yau kuma baya ke ciwo. Na ba ta taramol, mai ƙarfin, irin na 'yan kabu-kabu. Ta ce, "Suma'ila, a haɗa da na likita?" Na ce, "Yaya, wancan na kai ne, wannan na baya, ina suka san juna?"

Alhamis, 30 ga Nuwamba
Ta ce bayan ya saki. Na ƙara mata.

Asabar, 2 ga Disamba
Da hantsi maƙwabciyarta Bintu ta kira ni. Na tarar da Yaya a tabarma, zufa sharkaf, jiki zafi kamar an ɗauko ta daga tanda, ƙafafu suna ta fizga su kaɗai. Baƙin idonta ya buɗe. Ta yi zawo a zane. Ta dube ni ta ce Ibrahim. Mata sun cika gida, wata na cewa iska ce, a kawo turare. Na kore su, na ɗauko adaidaita.
A asibiti likitan, wani siririn Babarbare mai suna Gana, ya buga gwiwarta, ƙafar ta yi ta rawa ba ta tsaya ba. Ya duba karne ɗinta, littafin asibiti da aka rubuta maganin damuwar a ciki, ya ce ban da wannan me take sha? Na ce ba komai. Da bakina.
Gwajin zazzaɓin sauro bai nuna komai ba. Suka fara maganar sanƙarau, za su huda mata baya su ɗebi ruwa. Ina tsaye ina jin haƙoranta suna haɗuwa. Na bi Gana waje na zaro sauran katin taramol ɗin daga aljihu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Guda nawa, tun yaushe?" Sai ya juya da gudu.

Lahadi, 3 ga Disamba
Ƙarin ruwa, allurar kwantar da jiki, tsumma mai sanyi. An tsayar da ƙwayoyin duka biyu. Ba ta gane ni ba tukuna.

Litinin, 4 ga Disamba
Zafin ya sauka. Gana ya zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Wai akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, serotonin, maganin damuwa yana ɗaga shi a hankali. Taramol ma yana ɗaga shi. Aka haɗa, sai ya yi ambaliya, jiki ya rikice, wani ma ba ya tashi. Ya ce an rubuta wannan ƙarara a takardar cikin kwali, "kai da kake jin Faransanci". Ban gaya masa inda takardar take ba.
Na tambaye shi, to ba hanyar ɗaga abin nan sai ƙwaya? Ya ce akwai masu taimakawa: hasken safiya, tafiya a ƙasa, barci kan lokaci, ƙwai, gyaɗa, nono, kifi, zama cikin mutane. Amma ba su maye gurbin magani, za a mayar da ita kan na damuwar sannu a hankali. Rana! A Damagaram a rubuta wa mutum rana. Abin da ya fi cin raina, duk cikinsu ba wanda ake sayarwa a teburina.

Juma'a, 8 ga Disamba
An sallame ta. Dangin miji sun ji komai, har da sunan ciwon. Ba wanda ya ce mahaukaciya. Ni ake kallo.
 Ita kuwa Yaya, na gaishe ta, ta amsa wa bango.

Laraba, 20 ga Disamba
Kwana tara ke nan ina biyawa bayan asuba in tsaya a ƙofa har ta fito, mu taka zuwa gindin duwatsu mu dawo. Hanyata ce dai, kusan. Jiya na aika mata kifin Gidimuni, ban ce daga ni ba ne.
Yau a hanya ta yi magana. "Ka daina bina a baya kamar ɗan sanda, zo nan gefe." Shi ke nan abin da ta ce.
Na makara buɗe tebur. Wata tsohuwa ta zo neman na ciwon gwiwa, na tsare ta da tambayar me da me take sha, har ta gaji ta wuce teburin gaba. Ta tafi ɗin. Surutu ne kawai ya yi mini yawa kwanan nan.