Ranar da Ɗaurin Amarya Ya Zame

Zuwa ga Yayata Partinah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da jikoki can Johor. Allah ya kawo miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan Solo sai godiya. Damina ta sauka, ɗana Darmo ya gyara rufin ɗakin girki, matarsa kuma haihuwa yau ko gobe.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba mai daɗi ba ne, kuma ke kaɗai za ki san nauyinsa. Shekara biyu babu amaryar da ta neme ni in yi mata ɗaurin ƙirji irin wanda Inna ta koya mana, kafaɗa a buɗe, zane kamu takwas, ba allura ba fil, sai ninki da ƙarfin yatsa. Wasu sun koma lulluɓi, ban ga laifinsu ba. Sauran kuwa na shago suke sawa, mai zif a baya. To, watan jiya sai ga matar Harjo marini har gida, ta ce 'yarta Sekar ta kafe, sai irin shigar da kakarta ta yi. Don murna har ƙwalla na yi. Na yi azumin kwana uku kafin ranar, kamar yadda Inna ba ta taɓa jikin amarya sai ta yi.

Ran biki yatsuna suka ƙi ni. Kin san jan nan na ƙarshe, ƙarƙashin hammata, wanda shi ke riƙe komai? Na ja, na ji a jikina bai kama ba. Kamata ya yi in kira wata ta taya ni, amma girman kai ya rufe min baki, na liƙa mata furanni na ce ta fito. Da yarinyar ta durƙusa gaban iyayenta neman albarka, sai zanen ya zame. Bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma kowa ya gani. Ta matse hannuwanta a jiki. Gwaggon ango ta ɗaga murya wai a ba tsohuwa kujera ta huta, tun ba ta tuɓe musu amarya a bainar jama'a ba. Wata mai shagon kayan amare ta zaro fil biyu ta soke zanen, shi ke nan, aka ci gaba da biki. Wallahi, Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na dawo na roƙi jikata Wening ta zauna in koya mata tun ina iya nunawa. Ta yi dariya ta ce haba Kaka, wa zai tsaya awa biyu ana naɗe shi kamar shinkafa a ganyen ayaba? Wai zamani riga ne, ni ce na ƙi cire tawa. Na ji haushi.

Jiya na ɗauko zanen Inna na nufi bayan gida, na ɗaura wa jikin bishiyar ayaba, yadda muka koya muna yara. Da can in na ɗaura, ba ya zamewa sai na dawo na kwance da kaina. Jiya kafin in wanke hannu yana ƙasa. Na ninke shi na sa a akwati, ba na jin zan ƙara fito da shi. Daga ni sai ke muka rage da wannan hannu, kuma na san gwiwarki ba za ta kawo ki gida ba.

Ki gaida maigidanki Yaya Slamet, da 'yarki Tutik da mijinta, da ƙaramar jikarki Laras. Darmo da matarsa suna gaishe ku. In kin samu zane, ki gwada jan nan ko sau ɗaya ne. In ya kama, ki rubuto min. In bai kama ba, ki ba ni labarin jikoki kawai, zan gane.

Taki ƙanwa,
Warsiti